Tsawon yaro ba hajar kasuwa ba ne

Wata uwa daga cikin birni ta aiko mini da tambaya, na kuma ga ya fi dacewa in amsa ta a bainar jama'a, domin na san ba ita kaɗai ke cikin wannan hali ba. Ɗanta yana da shekara 11, ƙaninsa mai shekara 9 ya kamo shi a tsawo, dangin miji kuwa sun fara yi mata shaguɓe. Ta shiga Kasuwar Kurmi sayen kayan yaji, wata ta nuna mata wata rumfa, ta fito da ƙullin gari da wasu ƙananan ƙwayoyi marasa suna a cikin leda. Wata biyu yaron ya yi yana sha. Ci ya buɗe, kumatu suka cika, kowa ya ce magani ya karɓe shi. Amma da ta tsayar da shi a jikin ƙofa, sai ta tarar kansa yana nan daidai alamar da ta yi da gawayi tun farko. Yanzu kuma wani ɗan'uwanta ya nuna mata talla a waya: wata allura ce daga ƙasar waje da ake kira feftayid, wai tana sa jiki ya saki sinadarin girma, wai kuma masana sun gwada ta a kan dabbobi ta yi aiki. Shin ta saya?

Hajiya, kada ki saya. Ƙwayoyin da yake sha kuma, kada ki tsayar masa da su farat ɗaya. Ki ɗauki ledar da yaron ku tafi asibiti a makon nan, zan faɗi dalili a ƙasa. Sauran maganar kuwa da kai nake, mai karatu, ko kai uba ne, ko ke kaka ce, ko kuma kai ne matashin da ke duba madubi yana raina jikinsa.

Ban zo cin mutuncin Kurmi ba. Kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ta ciyar da Kano fiye da shekara ɗari biyar, kuma mai sayar da citta da kanumfari da masoro da zuma ba shi da laifin komai a wannan batu. Rigimata da mutum biyu ce: wanda yake cire ƙwaya daga kwalinta ya zuba a leda don kada a san sunanta, da sabon abokin cinikinsa wanda ba shi da rumfa ma, sai shafi a TikTok da lambar WhatsApp. Na farko yana fakewa da sunan gargajiya, na biyu yana fakewa da sunan kimiyya. To, tunda kimiyya ya kawo, mu bi shi can mu ga abin da ta ce.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwarka akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce girman ƙwayar wake ba, likitoci suna kiransa fituwitari. Shi ke fitar da sinadarin girma. Ba ya zubo shi kamar famfon da aka bari a buɗe. Yana sakinsa ne kashi-kashi, a tsaya, a sake, kuma kaso mafi tsoka yana fita ne a farkon barci mai nauyi. Umarnin saki da tsayawa yana zuwa daga wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke samansa, wanda ke aiko da manzanni biyu: ɗaya totur ne, ana kiransa GHRH, ɗaya kuma birki ne, ana kiransa somatostatin. Akwai na uku da ke tasowa daga tumbi idan ciki ya zama fanko, sunansa girelin, yana tayar da yunwa yana kuma zuga ƙullutun. Sinadarin girman kansa idan ya fita sai ya nufi hanta, hanta ta sarrafa wani sinadarin da ake kira IGF-1, wanda ke da babban hannu wajen tsawaita ƙashi. Idan ya yi yawa a jini, sai ya koma ya taka birki. Ka riƙe maganar hantar nan, za mu dawo kanta.

Duk waɗannan manzanni jerin ƙananan sinadarai ne da ake kira amino asid, an shirya su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mai tsakiya a Kurmi yake jera duwatsu a zare. Sinadarin girma yana da 191, GHRH yana da 44, girelin 28, somatostatin 14. Gajeren jeri shi ake kira feftayid. Ma'anar kalmar ke nan, babu wani tsafi a cikinta.

Mai tallar ya ce an gwada a kan dabbobi. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya maka wace dabba ba, bai kuma gaya maka abin da aka gani ba. Babban kaso na wannan ilimi a jikin alade aka same shi. Kada ka yamutse fuska, ba ci za ka yi ba. Dalilan a fili suke: mahautan Amurka suna yanka aladu da yawan gaske, jikin alade yana kama da na mutum ta fuskoki da dama, kuma masu kiwonsa suna da kuɗin da za su zuba a bincike. Andrew Schally, a birnin New Orleans, ya tattara guntayen ƙwaƙwalwar aladu dubban ɗaruruwa yana neman manzannin da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙullutun nan, abokin hamayyarsa Roger Guillemin kuma yana yin irin wannan aiki da na tumaki. A ɗakin binciken Guillemin aka gano somatostatin a 1973, su biyun kuma suna cikin waɗanda aka ba lambar Nobel a 1977. GHRH bai samu ba sai a 1982. Shekara biyu bayan haka, a 1984, Cyril Bowers na Jami'ar Tulane ya bayyana wani feftayid da aka haɗa da hannu, mai duwatsu shida kacal, GHRP-6, wanda ke sa ƙullutun ya saki sinadarin girma ta wata ƙofa dabam da ba a sani ba. A 1996 masu bincike na kamfanin Merck suka gano wannan ƙofa, a jikin ƙullutun alade da na mutum. A 1999 wasu masana a Japan, Kojima da Kangawa da abokan aikinsu, suka gano ainihin mabuɗin da jiki ya tanada domin ƙofar, wato girelin. Wannan tarihi ne mai ban sha'awa, kuma ba na musun harafi ɗaya a cikinsa. Feftayid ɗin da ake tallatawa a yau ma a ɗakin haɗa magani ake yin su, ba daga naman alade ake tatso su ba, saboda haka ba ta fuskar najasa nake ƙin su ba.

Ga inda nake ƙin su. Me masu kiwon alade suke nema da sinadarin girma? Tsoka suke so, kitse kuma ya ragu, domin masu sayen namansu ba sa son kitse. Kuma abin da suka samu ke nan: aladen da ake yi wa allurar sinadarin girma kitsen bayansa raguwa yake yi. Ka ji da kyau, sinadarin girma ƙona kitse yake yi. Duk wanda ya ce wa amarya ta yi allurarsa don ta cika ta yi mulmul kafin biki, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuwa ya sani yana yi mata ƙarya, kuma ban san wanne ya fi muni ba.

Sannan akwai aladun Beltsville. A tsakiyar shekarun 1980, a cibiyar binciken noma ta gwamnatin Amurka da ke garin Beltsville a jihar Maryland, an dasa wa aladu ƙwayar halittar da ke sa jiki ya riƙa fitar da sinadarin girma babu birki. Rahoton da masu binciken suka buga a 1989 bai ɓoye komai ba. Aladun sun fi saurin girma, sun fi cin moriyar abinci, kitsensu ya ragu ƙwarai. Amma da yawansu sun kamu da gyambon ciki, da ciwon gaɓoɓi, da kumburin zuciya, da ciwon fata, da ciwon ƙoda. Alade kuwa wata shida ko kusa da haka ake kiwonsa a yanka, babu ruwan mai shi da yadda gwiwarsa za ta kasance bayan shekara talatin. Ɗanka fa? Shekara nawa kake fatan ya yi a duniya da wannan zuciyar da wannan ƙodar? Mu ma a mutane mun san ƙarshen yawan wannan sinadari, domin akwai masu ƙari a ƙullutun nan: tafukan hannu da ƙafa su yi ta faɗi, haɓa ta fito, ciwon suga da hawan jini su shigo, zuciya ta kumbura.

Mai tallar zai ce ai nasa ba sinadarin girman ba ne, feftayid ne mai tayar da na jiki, don haka babu illa. To ina hukumar da ta amince da shi a matsayin maganin ƙarin tsawo ga lafiyayyen yaro? Fiye da shekara arba'in ke nan da fitowar GHRP-6, kuma manyan kamfanonin magani na duniya, waɗanda ba su san kunyar neman riba ba, sun yi ta ɗawainiya da shi da danginsa. Abin da ya fito ɗan kaɗan ne, kuma kowanne da iyakarsa. Ƙanensa GHRP-2 an amince da shi a Japan domin gwaji, a yi wa mutum sau ɗaya a auna jininsa a ga ko ƙullutunsa na aiki. Tesamorelin, mai kwaikwayon GHRH, Amurka ta amince da shi a 2010 domin rage kitsen ciki ga masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ka lura, ragewa. Wani ɗan'uwansu an amince da shi domin buɗe wa karnuka ci. Hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya kuwa ta haramta wa 'yan wasa dangin gaba ɗaya. Abin da ya rage yana yawo a intanet cikin ƙananan kwalabe, sau da yawa da rubutu a jiki cewa domin bincike ne kawai, ba domin jikin mutum ba. Mai sayarwa ya rubuta wannan ne don ya kare kansa. Kai wa zai kare ka?

Ko da a ce abin cikin kwalbar na gaskiya ne, akwai wata matsalar. Feftayid ɗanyen abu ne, zafi yana lalata shi. Sinadarin girma na asibiti a firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 da 8. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, wutar lantarki kuwa kai ma ka san halinta. Kwalbar da ta kwana a buhun ɗan kasuwa, ta wuni a aljihun ɗan aike, me ya rage a cikinta? Na sha kuwa, wanda ake cewa a dama a kunu, tumbinka ba ya bambanta feftayid da kilishi, narkar da su yake yi duka. Akwai wani guda da ke tsira daga tumbi, MK-677, domin shi ba feftayid ba ne. Shi ma babu inda aka amince da shi a matsayin magani: yana ɗaga sugan jini, yana tara ruwa a jiki, kuma an taɓa dakatar da wani gwajinsa a kan tsofaffi masu karayar ƙugu saboda fargabar ciwon zuciya.

Yanzu mu koma kan ledar Hajiya, domin a nan haɗarin ya fi kusa. Ban ga ƙwayoyin ba, ba kuma zan yi rantsuwa a kan abin da ban auna ba. Amma ƙwayar da ke buɗe ci ta cika kumatu cikin makonni ba tare da ƙarin tsawo ba, zargina na farko yana kan abin da jama'a ke kira sha-ka-fashe, kuma abu biyu aka fi samu a bayan irin wannan suna. Ɗaya sifuroheftadin ne, maganin ƙaiƙayi da borin jini, wanda ke kawo yunwa da barci. Shi ne a cikin Apetamin, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023. Ɗayan kuma deksametason ne ko ɗan'uwansa firedinisolon. Waɗannan magunguna ne masu daraja a hannun likita, suna ceton mai asma da mai kumburin ƙwaƙwalwa. A hannun mai leda kuwa guba ce a hankali. Cikar da kake gani ruwa ne da kitsen da ya taru a fuska da ƙeya da ciki, alhali cinyoyi da damatsa suna ramewa. Fata ta yi laushi ta tsattsage, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, tsohon tarin fuka da ya kwanta ya farka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan rukunin magani yana daga cikin sanannun abubuwan da ke tsayar da girman yaro. Yana danne sakin sinadarin girma, yana kuma danne wurin da ƙashi ke tsawo. Wato uwa ta cire kuɗin cefanenta ta sayi abin da zai hana ɗanta ainihin tsawon da ta fita nema, aka kuma yi mata barka da arziki saboda kumatu.

Dalilin da na ce kada a tsayar farat ɗaya shi ne: jiki yana da nasa sinadarin irin wannan, wanda wasu ƙullutai biyu da ke saman ƙoda suke fitarwa. Idan aka ɗauki makonni ana ba shi na waje, sai su daina aiki. Aka yanke ƙwayar kwatsam, jiki ya rasa na waje ya rasa na gida, sai amai da kasala da faɗuwar jini, wani lokaci har rai ya salwanta. Likita ne zai rage ta sannu a hankali.

Za ka ce da ni, to shi ke nan, mu zuba ido yaro ya ƙare a gajere? A'a. Amma ka fara sanin abin da ya gajarta shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne, fiye da rabi. Rashin sinadarin girma na haƙiƙa kuwa yaro ɗaya yake samu a cikin dubbai. Ka ga ke nan gajartar yaranmu ba daga ƙullutu take ba, daga tukunya take, da ruwan sha, da gudawa, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki. Ga kuma maganar hantar da na ce ka riƙe: yaron da tamowa ta kama, idan aka auna jininsa, sau da yawa sinadarin girmansa a sama yake, IGF-1 ne ke ƙasa, domin hanta ta ƙi amsa kira tunda babu kayan aiki. Totur yana ƙure, tanki ne babu mai. Ƙara masa feftayid kamar ƙara wa magini tsawa ne alhali ba a kawo bulo ba. Bulon kuwa yana nan a kasuwannin garin nan da sunansa a fili: wake, gyaɗa, waken suya, ƙwai, nono, busasshen kifi, zogale. Kuɗin kwalba ɗaya ta mai waya zai sayi ƙwan makonni.

Akwai kuma cututtukan da ke ɓuya a bayan gajarta, waɗanda leda ke rufe su har lokaci ya ƙure. Sikila tana jinkirta girma da balaga. Raunin ƙullutun maƙogwaro yana tsayar da tsawo, maganinsa kuwa ƙwaya ce mai araha idan an gano shi. Ciwon ƙoda da na zuciya suna yin haka. A 'yan mata akwai wata larurar halitta da ake kira Turner. Wani yaron kuma lafiyarsa ƙalau, iyayensa ne gajeru, ko kuwa irin masu jinkirin balaga ne, waɗanda ke kamo tsararsu daga baya. Wanda aka tabbatar ba shi da sinadarin girma, akwai maganinsa na gaskiya, allura ce da ake yi a ƙarƙashin kulawar likitan yara, ana aunawa ana gyara yawanta. Tana da tsada, ba zan ɓoye maka ba. Ita ma sai da aka sha wuya kafin ta inganta: kafin 1985 daga ƙullutun gawarwakin mutane ake tatso ta, domin na saniya da na alade ba ya aiki a jikin ɗan Adam, har aka gano wasu da aka yi wa sun kamu da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa, aka dakatar, aka koma wadda ake haɗawa a masana'anta. Idan maganin da likitoci suka sa wa ido ya yi irin wannan ɓarna kafin a farga, ina ga kwalbar da ba wanda ya san inda aka cika ta?

Kai kuma saurayi mai shekara ashirin da ake yi wa tallar ƙarin inci huɗu, ka adana kuɗinka. Ƙashi yana tsawo ne ta wani guringuntsi da ke kusa da ƙarshensa, kuma yana rufewa bayan balaga, ga mata galibi wajen shekara 14 zuwa 16, ga maza wajen 16 zuwa 18. Ya rufe, ya rufe. Babu allurar da za ta buɗe shi.

Ba zan sallami mai leda in bar mu ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya aika Hajiya rumfar nan? Surukar da ke cewa yaro ya ƙi girma kamar ba a ba shi abinci. Ƙawayen da ke cewa amarya ta bushe, za ta ba dangi kunya ranar kamu. Mijin da ke kwatanta matarsa da matan fim. Mu ne muka mai da kumatu ma'aunin lafiya da na arziki, mai leda ya zo ya tarar da kasuwa a buɗe. Hukumar NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suna da aikinsu, kuma mayar da dillalan magani na Sabon Gari zuwa Dangwauro mataki ne, amma babu jami'in da zai tsaya a ƙofar ɗakinki lokacin da kike miƙa wa yaro ƙwaya da kofin ruwa.

Hajiya, ga abin da za ki yi. Asibitin yara na Hasiya Bayero yana nan cikin birni, bai yi miki nisa da Kurmi ba, akwai kuma Asibitin Murtala, idan kuma ana bukatar ƙwararren likitan homon na yara za a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki tafi da ledar da ragowar garin, ki faɗi ranar da ya fara sha da yawan da yake sha a rana, kada kunya ta sa ki rage lissafi. Ki tafi da katin rigakafinsa idan yana nan, domin akwai awonsa na jarirantaka a ciki. Ki san tsawonki da na mahaifinsa, ki kuma tambayi mahaifin ko shi ma ya yi jinkirin girma. Ki roƙa a duba jininsa, a duba sikila idan ba a taɓa yi ba.

Alamar gawayin da kika yi a ƙofa kuwa, ita ce abu mafi amfani da aka yi a duk wannan labari. Ki ci gaba da ita, amma da tef ɗin tela: ba takalmi, dugadugai a jikin bango, littafi a kwance a kan kai, ki rubuta kwanan wata. Yaro tsakanin shekara 4 da balaga yana ƙara kimanin santimita 5 zuwa 6 a shekara. Wata biyu ya yi kaɗan a yanke hukunci, sai an ba shi wata shida. Idan lissafin ya nuna bai kai santimita 4 a shekara ba, ki koma wurin likita da takardar a hannunki.